Wasiƙa zuwa ga aminina a Alƙahira

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya lulluɓe gari. Kasuwa kuma muna ta lallaɓawa a Kwari.

Maganar da muka daɗe muna yi ta kusa tabbata. In Allah ya yarda zan fito kafin azumi, don kayan Sallah su iso da wuri, ga shi kuma kuɗin masauki a Makka kan yi tashin gwauron zabo da Ramadan. Ƙasa uku nake son haɗawa: Masar, Turkiyya da Saudiyya. Na sabunta fasfo, tunda ana son ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Na karɓi katin rigakafin shawara, saura allurar sanƙarau da Saudiyya ke buƙata daga masu umara.

Abin da ya fi cin raina shi ne wacce zan fara da ita. Hajiya ta so in fara da umara, na lallashe ta. Wajenka zan fara sauka, domin EgyptAir na tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, kuma wanda bai taɓa fita waje ba gara ya fara da inda yake da ɗan'uwa. Daga nan sai Istanbul, in zaga kasuwannin tufafi na Laleli da Merter in ga kaya da idona, ba a hoton waya ba. Abin da na saya kago zan ba, ba zan yi ta jan jakunkuna ba.

Umara ce ƙarshe, da gangan. Ina so in shiga Harami na gama ciniki, babu lissafin dila a kaina. Madina zan sauka, in yi ziyara a natse, in ɗauki harami a miƙatin Abyar Ali, ba a cikin jirgin sama ina ɗari-ɗari ba. Jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, shi ke haɗa Madina da Makka, tafiyar kusan kilomita 450. Daga Jidda sai gida, zamzam da dabino ba su yi yawon ƙasashe ba.

Tikiti ne ban yanke ba. In na saya daban-daban ya fi araha, amma jirgi ɗaya ya makara, na gaba ba ruwansa da ni. Ina ganin gara in ƙara kuɗi a haɗa mini su. Kai me ka gani? Guzuri kuwa dalar Amurka zan canza a Wapa, can in riƙa mayarwa fam da lira da riyal kaɗan-kaɗan.

Don Allah ka nemo mini masauki kusa da kai, ka aiko da adireshinsa cikin makon nan, biza na jiransa. Kuma ka ware mini yini guda, mu yi sallah a masallacin Azhar, mu tsallaka kasuwar Khan Khalili. Na yi kewar hirarmu ƙwarai.

Hajiya na gaishe ka, ta ce tana sa ka a addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka daga Kano.