Wasiƙa daga Garwa kan injin Hiace ɗinka

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da kasuwa a can Injamena. Mu nan Garwa alhamdu lillahi, sai zafin bazara da ka sani, da rana har ya haura digiri 40.

Saƙonka ya iso ni, inda ka ce a sauke injin motar a sayo na Beljiyam daga Duwala kowa ya huta. Ka yi haƙuri, ban aika kuɗin ba tukuna, don ina so ka fara jin abin da idona ya gani a gareji.

A hawan dutsen nan na bayan Mbe, hanyar Ngaundere, tiyon lagireto ya fashe. Mota cike da fasinja, kaya a sama, yaronka direba kuma bai lura da allurar zafi ba sai da tururi ya taso. Da aka jawo ta, bakaniken ya zaro sandar gwajin mai ya nuna mini: baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, wato gasket ya ƙone, ruwa ya shiga mai. Ya kwance kan injin, ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, muka ga haske yana wucewa ta tsakiya, ga kuma tsaga siririya tsakanin bawul biyu. Wannan kan injin ya gama aiki, babu zancen walda.

Amma gangar injin lafiyarta ƙalau, kuma a nan maganata take. Na sa farce na bi cikin silinda huɗun, sai a ɗaya kawai ya ɗan kama. Karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, bai ƙone ba, ya ɗan cinye dai, an auna an ce yanka na farko, milimita 0.25, zai ishe shi. Injin 5L ne, mai lita 3, babu turbo, babu kwamfuta, kowane bakanike daga nan har Kusiri ya san cikinsa, kayansa kuma ba sa wuyar samu. Kilomita 480,000 da agogon ya nuna su ne suka tsorata ka, na sani. To ai abin da tafiya ke ci shi ne ringi da metal (wato boris ɗin karanshaf) da fistan, su kuma dama don a canza su aka yi su.

Na Beljiyam fa? Ba na kushe shi, akwai masu kyau. Sai dai a Camp Yabassi, kasuwar kayan mota ta Duwala, za ka same shi a ƙasa, an wanke shi fes, babu wanda zai gaya maka tafiyar da ya yi ko shekarun da ya kwashe a ajiye. In an tayar maka da shi na minti biyu a kan taya, ƙara kawai ka ji, ba ka ga yadda zai yi da lodi a kan dutse ba. Ga kuɗin ɗauko shi zuwa Ngaundere, daga can kusan kilomita 280 zuwa nan, in ya zo da ciwo wa zai mayar? Kuma ko ya zo lafiya, dole a sa masa sabon taimin bel, tunda a wannan injin in bel ya tsinke fistan na dukan bawul. Da muka yi lissafi da bakaniken, gyaran da sabon kai bai kai kuɗin wancan ba.

Da a ce gangar ta tsage, ko sandar fistan ta huda ta, da ni zan fara ce maka a canza. Na kuma shiga ƙarƙashin motar, shasi bai ruɓe ba, giya ba ta kuka. Mota ce da ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Sharaɗina biyu ne, kuma kada mu yi rowa a kansu. Ringi da gasket da metal a sayi na asali, ko da ninki ne, don na bogi suna da yawa a kasuwa. Sannan a gyara abin da ya jawo ɓarnar: a wanke lagireto, a canza famfon ruwa da duk tiyoyi. Na tarar an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, tun tuni, wai don ƙasarmu da zafi, a mayar da shi. Yaron kuma zan zaunar da shi, ya daina zuba ruwan rijiya zalla, ya kuma daina shan gas, wato dizal, na gefen titi da ba a tace ba. Bayan gyara sai ta yi kilomita 1,000 a hankali, ba lodi mai nauyi, a juye mai.

Motar ita ke ciyar da gidan Hajiya da na yaron, kowace rana a gareji asara ce. In ka amince, ka kira ni kafin Juma'a a kai karanshaf wurin yanka.

Ka gaida Hajiya ƙarama da yara. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Naka amini, daga Garwa.