Sanarwa kan lokacin sakin manhajar neman gurbin karatu

Assalamu alaikum ƴan uwa.

An tsayar da magana: manhajar za ta fita kafin ƙarshen Yuli, domin Common App, shafin neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka, na buɗewa ranar 1 ga Agusta, kuma ɗalibai ba za su jira mu ba. Daga tsakiyar Satumba kada kowa ya ƙara sabon abu, sai gyaran gaggawa, tunda UCAS, cibiyar neman gurbin karatu a jami'o'in Birtaniya, na rufe karɓar masu neman Oxford da Cambridge ranar 15 ga Oktoba.

Masu gwaji, don Allah ku matsa wa gurbin kwanan wata. 03/04 Maris ne a Amurka, Afrilu a Ingila. Ku kuma gwada ɗora takardar sakamako daga waya mai raunin intanet. Maganar launin manhajar ta dakata tukuna.

Wanda aikinsa ya cije ya faɗa nan kafin Alhamis.