A koya wa ɗaliban gashin ƙashi Turancin magana da majinyaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da malaman da ke koyar da gashin ƙashi da kimiyyar wasanni, da kuma ɗalibansu, kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, kuma cikin aikina har da duba ɗaliban da ake turo mana don sanin makamar aiki. Yawancinsu yara ne masu ƙwazo. Ka tambayi ɗaya sunayen tsokoki huɗun da ke riƙe da gaɓar kafaɗa, zai zayyano maka su ba gargada, har da inda kowace ta faro da inda ta ƙare. Amma ka tsayar da shi gaban majinyacin da Turanci kaɗai ya haɗa su, ka ce ya sa mutumin ya ɗaga hannu a hankali ya tsaya inda ciwon ya fara, sai baki ya mutu. Ko dai ya kama hannun mutum ya ɗaga ba neman izini, ko ya juye masa karatun littafi.

Ban ga laifin yaran ba. Turancin da suka sha shekaru suna koyo na takarda ne, na amsa jarrabawa da rubuta rahoto. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu na baki, alhali a sana'armu magana rabin magani ce. Likita yana iya rubuta ƙwaya, a haɗiye ta, ta yi aikinta ko da majinyaci bai fahimci bayani ba. Mu kuwa majinyaci ne yake yi wa kansa maganin. Yana tare da mu na ɗan lokaci, sauran kwanakin mako yana gida shi kaɗai da motsa jikin da muka ba shi. Idan bai gane sau nawa zai yi ba, da irin zafin da zai jure, da irin wanda in ya ji dole ya daina, to an ɓata lokacinsa, wani lokaci ma a ƙara masa rauni.

Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne saurare. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likitoci da majinyata, suka gano cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 likita yake katse majinyaci da ya fara faɗin abin da ya kawo shi. Wannan fa tsakanin masu harshe ɗaya ne. Ɗalibin da ke aiki da harshen da ba nasa ba ya fi shiga wannan hali, domin yayin da majinyaci ke magana, shi hankalinsa yana can wurin harhaɗa tambayar da zai yi a gaba. Nan ne abu mai muhimmanci yake wuce shi. Mai ciwo ba ya magana da kalmomin littafi. Zai ce wurin yana masa ƙuna, ko yana sukarsa, ko ƙafar tana yin kamar ana tsira mata allurai, ko gwiwar tana sakin sa in zai sauka daga bene. Kowanne daga cikin waɗannan yana nuna hanya dabam: wani ya fi kama da matsalar jijiya, wani ta tsoka, wani ta cikin gaɓa. Masu Turanci suna da nasu salon faɗin duk wannan a maganar yau da kullum, kuma ɗalibin da kunnensa bai saba da shi ba zai rubuta "ciwon ƙafa" kawai ya wuce.

Akwai inda lamarin ya wuce ɓata lokaci. Duk wanda ya zo da ciwon baya mai sauka ƙafafu, wajibi ne a tambaye shi ko fitsari yana masa wuya ko yana kufce masa, ko bayan gida, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa. Waɗannan alamu ne na cewa jijiyoyin da ke can ƙarshen laka sun matse, kuma irin wannan majinyaci asibitin gaggawa ake tura shi nan take, don jinkiri yana iya barin sa da nakasa ta har abada. Na sha ganin ɗalibi ya san wannan sarai a takarda, amma ya tsallake tambayar. Kunya ta haɗu da rashin sanin yadda zai faɗe ta da Turanci cikin ladabi kuma a fahimta. Maganin wannan ɗaya ne: ya maimaita tambayoyin da bakinsa, a gaban mutane, har nauyinsu ya fita.

Ɗaliban kimiyyar wasanni su ma suna da tasu. A bakin fili ga hayaniya, ga ƙurewar lokaci. Idan ɗan ƙwallo ya bugu a ka, akwai gajerun tambayoyi biyar da ake kira tambayoyin Maddocks: wane fili muke, wane zagaye ake ciki, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wace ƙungiya kuka buga wasan da ya wuce, kuma kun yi nasara? Idan mai tambaya ya yi ta in'ina, ba za a san ko ɗan wasan ne ya rikice ko tambayar ce bai ji ba. Haka ma'aunin gajiya na Gunnar Borg, wanda ke tashi daga 6 zuwa 20: lambar da ɗan wasa zai ba ka ba ta da amfani sai ka iya bayyana masa ma'aunin cikin jimla biyu. Binciken masaniyar kimiyyar motsa jiki Gabriele Wulf tun ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa umarnin da ke kai hankalin ɗan wasa ga abin da ke wajen jikinsa yakan fi wanda ke kai shi ga gaɓoɓinsa. Ka ce masa ya tura ƙasa da ƙarfi ya fi ka ce ya miƙe gwiwoyinsa. Mai horarwa da bai mallaki ƙananan kalmomin aikatau ba ba zai iya wannan ba, komai yawan ilimin da ke kansa.

Ina jan hankalin ɗalibai su daina wahalar da kansu wajen kwaikwayon karin harshen Ingila ko na Amurka. Ba shi ake nema ba. Jarrabawar Turanci ta OET, wadda aka faro a Ostireliya domin ma'aikatan lafiya, tana da ɓangaren magana na masu gashin ƙashi: wasan kwaikwayo biyu, kowanne kamar minti 5, bayan minti 3 na shiri, wani yana zama a matsayin majinyaci ko ɗan'uwansa. Ana duba ko ana gane maganarka, ko ka kwantar wa mutumin da hankali, ko ka ji damuwarsa, ko ka tsara bayaninka. Hukumar HCPC mai yi wa masu gashin ƙashi rajista a Birtaniya kuma tana neman maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba. Ban kawo waɗannan don in ce kowa ya tafi waje ba. Idan kai da majinyaci kuna jin harshe ɗaya, yi masa magana da shi, ba abin da ya fi. Sai dai ranar da za ka kira likita a waya ka miƙa masa majinyaci, ko ka tsaya gaban ƙungiyar da 'yan wasanta suka fito daga ƙasashe dabam-dabam, Turancin bakinka ne zai yi aiki.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura. Ɗalibai dama suna gwada aikin hannu a jikin junansu bibbiyu, sai dai yawanci a shiru suke yi ko suna hirar duniya. Roƙona ga malamai shi ne a mayar da shi doka: kada ɗalibi ya taɓa jikin abokinsa sai ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, ya nemi izini. In ya gama, ya sa abokin ya maimaita umarnin da bakinsa kuma ya nuna motsin, domin tambayar "ka gane?" kusan kowa "e" yake amsa ta. Su naɗi muryarsu a waya su saurara. A nan mutum yake jin saurinsa da inda yake haɗiye ƙarshen kalmomi. Sannan a ware wa magana maki nata a jarrabawar aikin hannu, malamin Turanci da malamin gashin ƙashi su zauna tare su bayar, tun daga shekarar da ɗalibi ya fara shiga ɗakin gwaji.

Na gode.

Taku,
Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi