Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Gidan Tarihi Na Pont du Gard

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wannan gida da ke kudancin Faransa, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin ni ɗalibi ne mai nazarin yadda ake samar wa birane ruwan sha, kuma kafin in iso gare ku na sha wahala a hannun wasu ofisoshin kula da kayan tarihi. Wasu sun yi shiru da tambayoyina, wasu kuma sun tura ni wani ofishin da shi ma ya tura ni gaba. Akwai inda na biya kuɗin shiga, mai sayar da tikiti bai ko ɗago kai ya amsa gaisuwata ba.

Mafi girman godiyata ga baiwar Allah da ta jagorance mu zuwa hawa na uku na Pont du Gard, wato tsohuwar gadar da Rumawa suka gina, inda ruwa yake bi a zamanin da. Da ta lura ina ɗaukar bayanai, sai ta yi haƙuri da yawan tambayoyina, ta warware mini yadda Rumawa, a ƙarni na 1 Miladiyya, suka jawo ruwa daga maɓuɓɓugar Eure da ke kusa da Uzès har birnin Nîmes, tafiyar kusan kilomita 50, alhali gangaren hanyar gaba ɗaya bai cika mita 13 ba. Babu injin turawa, gangaren kaɗai ke tafiyar da ruwan, kuma don ya tsallake kogin Gardon ne aka ɗaga gadar kusan mita 49. Ta nuna mini farin dutsen da ruwa ya daskarar a bangon magudanar, wanda daga kaurinsa masu bincike ke gane lokacin da aka yi sakaci da gyara. Sannan ta kwatanta mini hanyar zuwa tafkin rabon ruwa da ke cikin Nîmes, mai kafofi 10 da bututun dalma ke ɗaukar ruwa ta cikinsu zuwa sassan gari.

Abin takaici, a wurare da dama ma'aikaci yana ganin mai tambaya tamkar wanda ya zo ɓata masa lokaci, ko da kuwa amsa tambayar ce aikin da ake biyan sa albashi dominsa. Ina roƙon ku isar mata da godiyata. Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani ɗalibi mai ziyara