Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya: daga Agusta 2024 zuwa Yuli 2025

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa, da dukkan 'yan uwa maza da mata masu sana'ar shirya wa jama'a bayanan haraji a Kano da kewaye, muna yi muku barka da fita daga watannin aiki lafiya. Kwamitin zartarwa ya ɗora wa ofishin sakatare alhakin gabatar da wannan rahoto, kuma an jinkirta shi da gangan har sai da wa'adin kamfanoni na ƙarshen Yuni ya wuce, domin abin da ya faru a ofisoshinmu tsakanin Janairu da Yuni shi ne ya fi cancanta a tattauna a kansa. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗin shiga da na fita a takarda ta daban.

Yadda lokacin aikin ya kasance

Wa'adin farko, wato 31 ga Janairu, ranar da masu ɗaukar ma'aikata ke miƙa wa hukumar haraji ta jiha bayanin albashin shekarar da ta gabata da harajin albashi, wato PAYE, da suka cire, ya zo da sauƙi ga mafi yawanmu, domin makarantu masu zaman kansu da asibitoci da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna da jadawalin albashi a rubuce. Matsalar da ta yawaita a nan ita ce ma'aikatan da ba su da lambar haraji, da waɗanda sunansu a takardar albashi ya saɓa da na banki.

Wa'adi na biyu ne ya gwada mu. Watan Maris na 2025 kusan gaba ɗayansa ya zo a cikin azumi, aka yi ƙaramar salla ranar Lahadi 30 ga wata, sannan ranar 31 ga Maris, wadda doka ta tanada domin bayanan harajin ɗaiɗaikun mutane, ta faɗo a hutun salla. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san cewa a goman ƙarshe na azumi ba a samun hankalin mai sayar da atamfa da shadda, domin cinikin da yake jira tun farkon shekara ne ya zo masa. 'Yan uwa da yawa sun ba da labarin yadda suka riƙa bin kwastomomi shago shago da rana tsaka, da ƙishirwa a bakinsu, ana ce musu su dawo bayan salla, su kuma suna bayanin cewa bayan salla tara ce ke jira. Waɗanda suka fara tattara takardu tun a Fabrairu, kamar yadda taronmu na Fabrairun ya ba da shawara, su ne suka yi sallarsu a gida cikin iyali.

Sai kuma Yuni. A ƙa'idar 2025, kamfanin da ke rufe lissafinsa a 31 ga Disamba yana da wata shida ya miƙa bayanansa ga hukumar tara haraji ta tarayya, wato FIRS, ta manhajar TaxPro Max, tare da lissafin da odita ya tantance, da ƙididdigar rangwamen kayan aiki, da harajin ilimi na kashi 3 cikin 100. Wata shida lokaci ne mai yawa, amma abin da muka gani a bana, kamar yadda muka gani a bara, shi ne an cusa aikin wata shidan a cikin mako uku. Babbar salla ta zo ranar 6 ga Yuni, hankalin 'yan kasuwa ya tafi ga layya, wasu daraktocin da ake bukatar sa hannunsu suna ƙasa mai tsarki, kuma ba a fara ganin buhunan rasit a ofisoshi da gaske ba sai bayan tsakiyar wata. A makon ƙarshe akwai ofisoshin da janareta bai huta ba, akwai matasan ma'aikatan da suka kwana a kan kujera, kuma a cikin wannan hali ba a dakatar da aikin wata wata ba, wato harajin VAT da ake ɗorawa a kan farashin kaya da harajin da ake cirewa daga kuɗin kwangila kafin 21 ga wata, da harajin albashi kafin 10 ga wata.

Kwamiti ya tattauna wannan a zamansa na Yuli, kuma matsayinsa shi ne laifin bai tsaya ga kwastoma kaɗai ba. Ranakun nan ba sa sauyawa, kowa ya san su tun farkon shekara. Mu ne muka saba wa mutane da cewa za a iya fafe gora ranar tafiya, domin duk wanda ya kawo takardunsa ana saura kwana uku muna karɓa, mu hana idonmu barci, mu kuma caje shi daidai da wanda ya kawo nasa a Maris. Aikin da aka yi a irin wannan gaggawa shi ne yake dawowa bayan shekara biyu ko uku da takardar bincike, kuma sunan wanda ya shirya shi ne ke zubewa a lokacin.

Kwastomominmu

A zaman sauraren 'yan ƙungiya da aka yi bayan rufe wa'adi, koke guda ya fi kowane maimaituwa, wato haɗa aljihun kamfani da aljihun gida. Mutum ya yi rajistar kamfani a hukumar CAC domin neman kwangila ko buɗe asusun banki, amma a zuciyarsa shagon nasa ne, kuɗin ma nasa ne, saboda haka daga asusun kamfanin ake biyan kuɗin makarantar yara, da kayan ɗakin 'ya, da kujerar Umara, a cikinsa kuma ɗan uwa na Legas ke turo kuɗin da za a saya masa gero a Dawanau. Idan jami'in haraji ya duba bayanan banki, duk abin da ya shigo ciniki ne a wurinsa har sai an nuna masa akasin haka da takarda, ɗan kasuwarmu kuwa ya saba da ciniki na amana wanda ba a rubutawa. Wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya ja hankalinmu ga abin da ya dace mu riƙa amfani da shi: wannan Alhajin da ke cewa bai san adadin kayan da ke sito ba, shi ne yake ƙirga kowace dila da kowane bashi da ake bin sa da wanda yake bi idan lokacin fitar da zakka ya yi. Ilimin ƙididdigar yana nan, abin da ya rage shi ne a roƙe shi ya yi irinta a ƙarshen Disamba, a kuma rubuta.

Nau'i na biyu su ne waɗanda ba sa tuna haraji sai sun bukaci takardar shaidar biyansa, wadda ke nuna shekara uku da suka gabata, domin neman kwangila ko takardar fili. Irin waɗannan kan zo da bashin shekaru, su nemi a gama a kwana biyu. Da yawansu masu ƙananan kamfanoni ne da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, waɗanda aka ɗauke wa harajin kamfani tun Dokar Kuɗi ta 2019, sai suka ɗauka an ɗauke musu miƙa bayanai ma. Ba a ɗauke ba, kuma a ƙa'idar 2025 tarar naira 25,000 a watan farko da naira 5,000 a kowane wata bayansa tana taruwa ko da kamfanin bai sayar da allura ba.

Akwai kuma buƙatar da ba ma son ambata a fili, ta a rubuta lissafi biyu, ɗaya mai ƙiba domin banki, ɗaya ramamme domin hukuma. Kwamitin ladabtarwa ya saurari ƙorafi irin wannan a cikin shekarar, ya kuma kammala shi a sirrance kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada. Muna tunatar da 'yan uwa cewa a yau hukuma na iya kwatanta abin da aka rubuta da bayanan banki da na VAT ɗin da wasu kamfanoni suka miƙa a kan ciniki ɗaya, kuma wanda ke ɗauke da shaidar ƙungiyoyin ƙwararru na haraji da akanta, wato CITN ko ICAN ko ANAN, yana jefa shaidar tasa a haɗari saboda kuɗin da bai kai na man janareta ba.

Abin da ƙungiya ta gudanar

An ci gaba da taron wata wata, sai dai an ɗage na Maris da na Yuni saboda dalilan da aka ambata. Bita mafi amfani ita ce wadda aka yi a kan sabbin ƙa'idojin harajin da ake cirewa tun daga tushe, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, suka mayar da abin da ake cirewa a kan sayar da kaya zuwa kashi 2 cikin 100, suka kuma ninka shi ga wanda ba shi da lambar haraji, wato TIN. Wannan ninkin ya sa 'yan kasuwa da dama da suka shekara suna gudun lambar suka zo nemanta da ƙafarsu. An kuma yi bita ga matasa a kan yadda ake rubuta takardar ƙin amincewa da ƙiyasin haraji a cikin kwana 30 da doka ta bayar, da yadda ake ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraren ƙararrakin haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma da ke Kaduna, domin mun lura cewa ana yawan barin wa'adin ya wuce ana neman wanda ya san wani.

Ziyarar wayar da kai a kasuwanni ba ta kai yadda aka tsara ba. An je wasu, an fasa wasu, kuma inda aka je da rakiyar shugabannin kasuwa ne kawai aka saurare mu, domin mai shago yana ganin mutum da jaka da takardu sai ya ɗauka ma'aikacin haraji ne. Game da karɓar kuɗin ƙungiya, ma'aji zai yi bayani, amma akwai ja da baya.

Sabbin dokoki

Ranar 26 ga Yuni, ana saura kwana huɗu wa'adin kamfanoni ya cika, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu da kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele ya tsara, waɗanda aka yi ta muhawara a kansu a Arewa tun Oktoban 2024, musamman kan rabon kuɗin VAT. Sabbin ƙa'idojin harajin da ke cikinsu za su fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Hukumar FIRS za ta sauya suna zuwa NRS. Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba za a ɗora musu haraji ba, daga nan sai a fara da kashi 15 a hau har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. An soke rangwamen bai ɗaya da muka saba cirewa daga kuɗin shigar mutum kafin a lissafa haraji, aka kawo rangwamen kuɗin haya na kashi 20 cikin 100 wanda ba zai wuce naira 500,000 ba, sannan harajin ilimi da wasu ƙananan haraji sun narke cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. VAT yana nan a kashi 7.5, tarar rashin miƙa bayanai kuwa ta tashi zuwa naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane wata bayansa.

Abin da wannan ke nufi ga ofisoshinmu shi ne za a sake gina jadawalin albashin kowane kwastoma kafin albashin Janairu, kuma ma'aikacin da ke son rangwamen haya sai ya kawo shaidar biya, a garin da yawancin masu gida ba sa ba da rasit. Tuni tambayoyi suka fara yawa, wasunsu daga jita jitar da ke yawo a WhatsApp, kuma muna roƙon kada wani ɗan ƙungiya ya amsa wa kwastoma abin da bai karanta a cikin dokar da idonsa ba.

Abubuwan da ke jiran amincewarku

Kwamitin zartarwa na gabatar da shawarwari uku ga babban taro. Na farko, kowane ɗan ƙungiya ya rubuta yarjejeniya da kwastomansa wadda za ta nuna cewa takardun kamfani su iso ofis kafin ƙarshen Afrilu, wanda ya makara kuma ya biya ƙarin lada, ya kuma ɗauki nauyin tarar da makararsa ta jawo. An yi jayayya a kan wannan a kwamiti, domin wasu na tsoron kwastoma zai tsallaka zuwa ofishin da ke maƙwabtaka, kuma tsoron yana da tushe matuƙar ba a yi shi tare ba. Na biyu, a riƙa tallata wa 'yan kasuwa aikin rubuta lissafi wata wata a kan kuɗi kaɗan da za su iya biya, wanda zai raba nauyin aikin a kan shekara, ya kuma sa a samu abin biyan albashin matasanmu a watannin Agusta zuwa Nuwamba da ofisoshi ke zama shiru. Na uku, a ware Asabar ɗin farko ta Oktoba da ta Nuwamba da ta Disamba domin karatun sabbin dokokin sashe sashe, kowane ofis ya turo aƙalla mutum ɗaya.

Wanda ke da gyara a kan waɗannan shawarwari ya miƙa shi a rubuce ga ofishin sakatare mako guda kafin babban taro, domin a buga shi tare da ajanda.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa