Roƙon Tallafi: Kada Jirgin Malam Ya Ruɓe a Bakin Kwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, 'yan'uwa, da tsofaffin ɗalibai na gida da na nesa, wannan saƙo ne daga kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu da ke bakin kogin Kwara, a ƙasar Yawuri. Wata uku ke nan da Allah Ya karɓi ran Malam. Ba sai mun ambaci suna ba, a nan ko yaron goye aka ce wa "Malam mai jirgi" ya san wanda ake nufi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Jirginsa na nan inda ya ɗaure shi a tafiyarsa ta ƙarshe. Ruwa ya shige shi har rabi, katakon gindin ya fara baƙi. A kan wannan jirgi muka zo muku da ƙoƙon bara.

Ga waɗanda suka daɗe ba su zo gida ba, bari mu tuna muku. A gungu aka haifi Malam, cikin tsibiran da ruwa ya cinye bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, lokacin da aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Busa. Yana yaro aka kwaso su zuwa tudu. Shi ya sa tafkin nan da mu muke gani shimfiɗe ba alama, shi a idonsa gari ne mai unguwanni. Kuna cikin tafiya sai ya ɗaga filafili ya nuna wani wuri da ba ka ganin komai sai ruwa, ya ce, "Nan tsamiyar kasuwarmu take, a kauce." Ya san inda kututtukan itatuwan da ruwa ya binne suke tsaye, waɗanda har gobe su ne ke fasa cikin jirage idan ruwa ya ja baya. Matuƙa da suka girme shi a sana'a ma shi suke tambaya.

Ba wanda ya ɗora masa jigilar yara. Ya ga 'ya'yan masunta da ke tungayen ƙetare ba sa zuwa makaranta, ya bincika, aka ce masa ba abin hawa. Sai ya fara tashi bayan sallar asuba ya ƙetara ya kwaso su, a tashi makaranta ya mai da su. Haka ya yi ta yi har ya yi ritaya, bayan ritayar ma bai ajiye alli ba, bai ajiye filafili ba. Albashinsa kuwa rabi a jirgin yake ƙarewa, yau ƙusa, gobe mai, jibi gyaran inji. Mai ɗakinsa, Allah Ya ba ta haƙuri, takan ce ita ba a taɓa yi mata kishiya ba sai ta katako.

A aji ma kogin bai bar shi ba. Lissafinsa duk na buhu ne da jirgi: idan jirgi na ɗaukar buhu kaza, sawu nawa za a yi? A wurinsa muka ji dalilin da ya sa kogin nan ke cika sau biyu a shekara, farin ruwa na damina mai laka, sannan baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu alhali ko ɗigon sama babu. Yakan zana layi a allo tun daga duwatsun Gini, ya bi ta fadamun Mali inda ruwan ke yada zango ya zubar da lakarsa, ya ratsa Nijar, ya gogi iyakar Binin, ya shigo mana. Kogi mai tsawon fiye da kilomita 4,000, amma yaro ɗan aji huɗu sai ya haddace shi kamar hanyar gidan kakarsa.

Gaskiya Malam na da taurin kai, kuma mu da muke cikin kwamitin nan ba wanda bai taɓa cacar baki da shi ba. Idan ya ƙirga yara suka kai adadin da ya yanke wa jirginsa, ko ɗan wane ne ya rage sai ya jira sawu na biyu. Idan ya dubi gabas ya ga hadari, ba mai ƙetarawa, sai dai yaran su kwana a gidansa. Kuma ba ya ɗaukar yaro sai ya koya masa iyo da kwarfe ruwa. Iyaye sun sha fushi. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa komawa wata tunga da labarin kuka ba.

Tun rasuwarsa, yawancin yaran ƙetare sun daina zuwa. Kaɗan da suke zuwa, a jiragen kasuwa ake cusa su, tsakanin buhuna da babura da awaki. Hankalinmu bai kwanta da wannan ba. Ba mu manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa da mutane maƙil. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Sa'o'in 'ya'yanmu ne.

Da aka zauna kan abin da za a yi don tunawa da Malam, wasu sun ce a rubuta sunansa a bangon aji, wasu sun ce a sa kofi a Rigata, bikin tseren jirage na Yawuri. Ba mu raina ko ɗaya ba. Sai wani dattijo ya tuna mana hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ya ce to ga sadakar Malam can tana shan ruwa a bakin kwata, ku kuna maganar fenti. Nan magana ta ƙare.

Iyalansa sun bar wa makaranta jirgin kyauta, Allah Ya saka musu. Kafinta ya duba ya ce gindin sai an sake shi gaba ɗaya, injin kuma sai an kai shi Yelwa. Abin da ya fi mana komai shi ne rigar kariya, wadda wasu ke kira rigar ruwa, daidai jikin yara, kowane yaro da tasa. Ita ce abu ɗaya da Malam ya yi ta buri bai samu ba. Sai kuɗin mai da ɗan alawus na matuƙi. Mun riga mun samu mutum, tsohon ɗalibinsa ne da ya yi shekaru yana riƙe masa gora, kuma ya yarda da sharuɗɗan Malam duka, har da na ƙirga yara.

Ba kuɗi kaɗai muke nema ba. Mai katako ya kawo katako, mai ƙusa ƙusa, mai galan ɗin fetur ya kawo. Masunta da suka ce za su ba da kamun rana guda, mun karɓa hannu biyu. Ku kuma 'ya'yanmu da ke Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna, Abuja da Legas, ku da kuka fara ƙetare ruwan nan a jirginsa da allo ko jaka a ka, ku muka fi sa wa ido a kan rigunan, don a birni ake samunsu.

Ma'ajin kwamiti na zama a ofishin shugaban makaranta kowace safiya, ranar Juma'a kuma a ƙofar masallaci bayan an sauko. Na nesa su aiko ta hannun 'yan'uwansu, a karɓi rasit. Duk abin da ya shigo da abin da aka kashe za a karanta shi a taron iyaye, a kuma liƙa a bangon ofis. Muna so jirgin ya koma ruwa kafin a dawo hutu, domin kafinta ya ce idan katakon ya ƙara wata damina a haka, sai dai a sassaƙa sabo.

Wassalam.
Kwamitin iyaye da malamai.