'Yata tana son shiga sansanin binciken ƙwaƙwaf, mahaifinta ya ce allambaran

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ina rubuto miki ne daga unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka, inda ni da maigidana muka shafe shekara 16 muna zaune da 'ya'yanmu uku.

Babbar 'yarmu, mai shekara 14, za ta shiga aji 9 a watan Satumba. Wata jami'a da ke kusa da mu tana shirya sansanin horo na mako ɗaya a hutun bazara domin ɗaliban aji 6 zuwa 12, inda ake koya musu kimiyyar binciken laifuka. Ana zuwa da safe a dawo da la'asar, babu kwana. A takardar da suka bayar, yara za su koyi ɗauko zanen yatsa da hoda da burushi, su rarrabe gashin mutum da na dabba a madubin ƙara girma, su fitar da ƙwayar halitta ta DNA daga 'ya'yan itace da sabulu da gishiri, sannan a ranar ƙarshe a shirya musu ɗakin da aka yi laifin ƙarya su warware. Jinin na bogi ne, ƙwarangwal ɗin kuma na roba, wanda a kansa ake nuna musu yadda ƙashin ƙugu yake bambanta mace da namiji.

Yarinyar nan ba sha'awar kwana biyu take yi ba. Kwanakin baya na tarar da ita a kicin ta barbaɗa garin koko a jikin kofin gilashi, ta hure shi a hankali, ta manna salatif ta ɗago, sai ga zanen babban yatsa raɗau a farar takarda. Da shi ta kama ƙanenta da shanye lemon da na ajiye wa baƙi, bayan ya yi ta rantsuwa. Na yi dariya har da hawaye, amma a raina na ce wannan baiwa ce.

Mahaifinta bai ga abin dariya ba. Ya taɓa jin labarin filin nan na Jami'ar Tennessee da ke Knoxville, inda ake ajiye gawarwakin da aka bayar domin bincike a sarari, ana nazarin yadda suke ruɓewa, tun daga nan ya ƙyamaci fannin gaba ɗaya. Yana kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma ya ce roba ce yau, gobe gawa ce, don haka gara a tsayar da ita tun ran gini. Ya kuma fi son ta ƙarar da hutun a Islamiyya, domin haddarta ta tsaya a izu 12.

Ita kuwa da ladabinta ta tuna masa cewa a Suratu Yusuf da yagewar riga ta baya aka gane mai gaskiya. Ta ƙara da cewa gwajin DNA na tantance mutum, wanda masanin kimiyya Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, farkon amfani da shi a binciken kisa a 1986 wanke wani matashi ya yi, wanda har ya riga ya amsa laifin da bai aikata ba. Maigida ya yi shiru, amma na san shirunsa, ba na yarda ba ne.

Ga inda nawa laifin yake, Malama. Ganin guraben suna ƙarewa, na sa hannu a fom ɗin na biya kuɗin ajiye gurbi daga adashina ba tare da na sanar da shi ba, kuma yarinyar ta sani, ta zama abokiyar ɓoyona, abin da ya fi komai damuna ke nan. Ƙarshen watan nan ake cika sauran kuɗin.

Ta yaya zan faɗa masa abin da na yi ba tare da fushinsa ya sauka a kan yarinyar ba? Shin ya dace in roƙi limamin masallacinmu ya yi masa bayanin matsayin wannan ilimi a shari'a, ko zai ɗauka na kai ƙararsa waje ne? Idan kuma ya tsaya a kan bakansa, in janye sunanta, me zan ce mata?

Wassalam, daga 'yar'uwarki,
Uwar 'ya'ya uku, Bronx